Manhajar ajiyar bayanai ta ƙi sabunta kanta: a wane mataki ta tsaya?

Akwai matsalar kwamfuta mai ihu, akwai mai shiru. Idan imel ya tsaya a ma'aikata, kafin ƙarfe tara na safe kowa ya sani. Amma idan manhajar da ke ɗaukar kwafin ajiya na bayanan ma'aikatar ta kasa sabunta kanta, babu wanda zai kira ka. Aikin dare zai ci gaba da tafiya, rahoton safe ya zo da alamar kore, can ƙasa kuma wani ɗan layi yana cewa sabuntawa ba ta yiwu ba. A haka sai a share wata shida.

Dalilin da ya sa wannan ɗan layin ya cancanci a tsaya a kansa shi ne, sabar ajiya ita ce mai riƙe da makullan gida. Don ta iya kwafar bayanai daga kowace na'ura, dole a ba ta kalmomin sirri na manyan asusu. Masu garkuwa da bayanai sun san haka, kuma sun san idan suka lalata kwafin ajiya tukuna, wanda suka kama ba shi da mafita sai biya. A watan Maris na 2023 kamfanin Veeam ya fitar da gyaran wata ɓaraka mai lamba CVE-2023-27532 a manhajarsa ta Backup & Replication. Ɓarakar tana ba wanda ya iya kaiwa ga ƙofa mai lamba 9401 damar ciro bayanan shiga da aka adana, ba tare da ya nuna ko shi wane ne ba. Cikin 'yan makonni kamfanin tsaro na WithSecure ya ga ana kai wa irin waɗannan sabobi hari. A watan Yunin 2024, fiye da shekara guda da fitar gyaran, gungun Akira ya kai wa wani kamfanin jiragen sama a Latin Amurka hari, masu binciken BlackBerry kuma suka danganta shi da wannan tsohuwar ɓarakar. Ka ga magani yana nan tun tuni, shan sa ne ba a yi ba.

To idan sabuntawa ta gaza, me za a yi? Abin da yawancin mutane ke yi shi ne su sake danna maɓallin, su jira, su sake dannawa. A ganina wannan ɓata lokaci ne, wani lokacin ma haɗari ne, zan zo ga dalili. Sabuntawa ba aiki ɗaya ba ce, sarƙa ce. Manhaja za ta nemo sabon fayil ta sauko da shi, ta tabbatar da sa hannun kamfanin da ya yi shi, ta tsayar da ayyukanta, ta canza fayiloli, ta sauya tsarin rumbun bayananta, sannan ta tura sabon salo ga ƙananan wakilanta da ke kan sauran na'urori. Tambayar farko ita ce: a wane zobe sarƙar ta katse?

Amsar tana cikin kundin aikin da manhajar ke rubutawa, wato log. A Windows, idan mai girkawa ya ce kuskure 1603, kada ka wahalar da kanka neman ma'anarsa. Ba ya nufin komai sai "abu ya lalace ana cikin girkawa". Ka buɗe cikakken log ɗin, ka nemi kalmomin Return value 3, sannan ka karanta layukan da ke samansu kaɗan. A nan ne ainihin dalili yake kwance. Lamba 1618 kuwa ta fi sauƙi: wata girkawar tana gudana, galibi Windows ce ke sabunta kanta a daidai wannan lokacin. Ita kuma 3010 ba gazawa ba ce sam, cewa take an gama amma sai an sake kunna na'ura.

Idan log ya nuna ko saukowar ba a yi ba, to fara da agogo. Eh, agogo. Duk wata haɗuwa mai tsaro a intanet tana dogara da satifiket, kowane satifiket kuma yana da ranar farawa da ranar ƙarewa. Sabar da agogonta ya koma baya da shekaru za ta ga satifiket mai kyau ta ce ai lokacinsa bai yi ba, ta ƙi shi. A wuraren da wuta ke yawan ɗaukewa ana komawa janareta, wannan ba baƙon abu ba ne: ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allon kwamfuta ya mutu, da na'ura ta mutu ta tashi sai kwanan wata ya rikice. Ko bambancin bai kai haka ba, tsarin tantancewa na Kerberos da Windows ke amfani da shi a cikin ma'aikata ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5, sai dai in an canza masa. Umarnin w32tm /query /status zai nuna maka daga ina sabar ke karɓar lokaci.

In agogo daidai yake, duba satifiket ɗin kansa. Ranar 30 ga Satumba 2021 wani tushen satifiket mai suna DST Root CA X3 ya ƙare, wanda Let's Encrypt ta daɗe tana jingina da shi. Sababbin na'urori ba su ji komai ba domin sun riga sun san magajinsa, ISRG Root X1. Tsofaffin da aka daɗe ba a taɓa ba kuwa suka wayi gari ba sa iya magana da shafuka da yawa. Abin dariyar shi ne, na'urar da ba a sabunta ba ta rasa hanyar da za ta sauko da sabuntawa. Irin wannan tarkon ne ke kama sabar da har yanzu ke magana da TLS 1.0 ko 1.1, waɗanda aka yi wa ritaya a hukumance a 2021, ko wadda ke kan Windows Server 2012 R2 da Microsoft ya daina tallafa wa a Oktoban 2023. Wannan kam ba gyaran yamma ɗaya ba ne, sai an yi maganar ƙaura zuwa sabon tsari.

Akwai wani abu da ke rikita ko gogaggu. Ka buɗe burauza a kan sabar, shafin kamfani ya buɗe lafiya lau, ka ce ai intanet ba shi da matsala. Amma burauzar tana fita ne da sunanka, ta hanyar furoksin da aka saita wa asusunka. Manhajar ajiya kuwa tana gudana da asusun na'ura ko wani asusun aiki na daban, kuma sau da yawa saitin da take bi daban ne. Umarnin netsh winhttp show proxy zai nuna maka wannan ɗaya saitin. Idan ka ga lamba 407 a log, furoksi ne ke neman a gabatar da kai, manhajar kuma ba ta da abin nunawa. Haka nan wasu katangun tsaro suna buɗe saƙo su duba cikinsa su sake rufe shi da nasu satifiket. Manhajar da ke jiran hatimin kamfaninta za ta ga baƙon hatimi ta juya baya, kuma gaskiyarta.

Matakin tsakiya ba shi da wani sirri sosai. Faifai ya cika, ko wani aikin ajiya yana gudana ya hana a tsayar da manhajar, ko riga-kafin ƙwayoyin cuta ya riƙe wani fayil, ko Windows tana jiran a sake kunna ta tun wata sabuntawar baya. Ka dakatar da jadawalin ayyuka, ka share wuri, ka sake kunna na'ura.

Inda nake so a yi hattara shi ne rumbun bayanai. Kwafin ajiyar kansa yana can a faifai ko tef, amma bayanin wane fayil ne na wace na'ura, na wace rana, da wane makulli aka kulle shi, duk wannan yana cikin rumbun. Sabon salo yakan zo da sabon tsarin tebura, don haka dole a sauya tsohon ya dace. In wuta ta ɗauke ko wuri ya ƙare ana tsakiyar wannan aiki, sai a bar rumbun rabi sabo rabi tsoho. Tsohuwar manhaja ba ta gane shi ba, sabuwa kuma ba ta gama zama ba. A nan ne sake dannawa a makance ke iya ƙara dagula lamari. Wani sanannen dalili: SQL Server Express, na kyauta da ake yawan girkawa tare da irin waɗannan manhajoji, a tsofaffin salonsa yana da iyakar gigabait 10 ga kowane rumbu. Rumbun da ya kusa cika zai iya ɗaukar aikin yau da kullum, amma sauyin tsari yana buƙatar ƙarin wuri. Tun daga salo na 12 da ya fito a 2023, Veeam ya koma girka PostgreSQL ga sababbin masu amfani, sai dai wanda ya taho daga tsohon salo yana nan kan tsohon rumbunsa har sai ya ƙaura da kansa. Saboda haka kafin ka taɓa komai, ɗauki kwafin saitin manhajar, ka ajiye shi a wata na'ura daban, ka kuma tabbatar kalmar sirrin buɗe shi tana hannun wani, ba a cikin sabar da kake shirin gyarawa ba.

Wani zai ce, to me ya sa ba za a kashe sabuntawa ta kai-tsaye a huta ba? Yana da hujja. Ranar 19 ga Yulin 2024 wata sabuntawa daga CrowdStrike ta durƙusar da na'urorin Windows kusan miliyan 8.5 a ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Amma wata biyu bayan haka, a Satumba, aka bayyana CVE-2024-40711 a manhajar Veeam, mai makin haɗari 9.8 cikin 10, zuwa Oktoba Sophos ta ba da rahoton cewa Akira da Fog sun fara amfani da ita. Tazarar kenan, makonni. Ni dai na fi karkata ga a ajiye ƙaramar sabar gwaji ta fara karɓa, in kwana biyu ko uku sun wuce lafiya a saki ga babbar, a kuma saita saƙon gargaɗi na musamman don gazawar sabuntawa, daban da rahoton ajiyar dare.

Saura zoben ƙarshe, wanda aka fi mantawa. Babbar sabar za ta iya sabuntuwa tsaf, wakilanta kuma su tsaya a tsohon salo, saboda an canza kalmar sirrin asusun da ake tura su da shi, ko an rufe ƙofa ta 445, ko na'urar tana kashe a daren. Kada ka yarda da saƙon "an kammala" kawai. Buɗe jerin na'urorin, ka kwatanta lambar salon kowace da wadda kamfani ya wallafa, har lambobin ƙarshe, domin gyaran tsaro sau da yawa a can yake bambanta. Daga nan ka zaɓi fayil ɗaya daga ajiyar da aka ɗauka kafin sabuntawar, da wani daga wadda aka ɗauka bayanta, ka dawo da su a wani wuri daban, ka buɗe su ka gani.