Kafin ka sayi keke mai giya, kar fenti ya ruɗe ka

Tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a Kano. Ka tsaya da safe a titin Zariya, daidai Asibitin Malam Aminu Kano, ka ga matasan Ƙauyen Alu da Gyadi-Gyadi a kan kekuna masu ƙatuwar taya. Irin waɗannan an fara haɗa su ne a Kalifoniya ta Amurka a shekarun 1970 don gangarowa daga tsaunuka. Mu kuma ga mu da su a cikin rairayi, ramuka da cunkoson Adaidaita Sahu.

To, in ka je saye, wallahi ba kala ko yawan giya za ka fara dubawa ba. Ƙirar jikin keken ita ce magana.

Fara da wuyansa. Tsaya a gefe ka dubi ƙarfen da ya riƙe tayar gaba. Tsofaffin kekunan gwanjo wuyansu a miƙe yake, kusan digiri 70 ko 71. Kana taɓa kan ya juya, ga daɗin ratsa lungu, sai dai in ka faɗa rami da gudu yana iya wurgo ka ta gaba. Na zamani wuyan ya ɗan kwanta, wajen digiri 65 ko 66. Wannan ba ya rawa a gangara, amma a cikin go-sulo sai ka ji kamar kana jan akuya.

Sai taya. Akwai mai inci 26, da 27.5, da 29. Babbar taya ta fi haye rami cikin sauƙi. Ƙaramar ta fi saurin tashi da juyawa, kuma tubu da tayarta sun fi samuwa wajen masu gyara. Ka tambayi mai gyaran unguwarku tukuna, kar ka sayi abin da faci ɗaya zai ajiye maka shi wata guda.

Shi kuma keke mai sifirin gaba da baya, in mai araha ne, kyau kawai gare shi. Nauyi ne da shi, kuma yana shanye ƙarfinka duk tukawa ɗaya. Don zuwa makaranta ko kasuwa, mai sifirin gaba kaɗai ya wadatar.

Saiti ma fa ba wasa ba ne. Hau sirdi, ɗora diddige a kan feda tana ƙasa: ƙafarka ta miƙe sak. In ta lanƙwashe sosai, gwiwa ce za ta biya. In ka sauko ka tsaya, ya zama akwai tazara tsakaninka da ƙarfen tsakiya. Iska kuma kar a cika ta ƙam in hanyarku rairayi ce, ɗan sassauci ya fi kama ƙasa.

Kai dai kar ka biya sai ka hau. Zagaya, yi kwana, kama birki gaba da baya. Mai kaya ya hana gwaji? Ƙara gaba, kuɗinka ne.