Kalmomin Kwamfuta da na Kimiyya a Bakin Hausawan Umdurman

1.0 Gabatarwa

Wannan takarda ta duba abin da kan faru da kalmomi idan Bahaushen Sudan da Bahaushen Nijeriya suka zauna hira a kan kwamfuta, ko wayar hannu, ko wutar lantarki. Dukkansu Hausa suke yi, amma wasu kalmomin da Hausa ta aro daga Larabci tun da daɗewa sukan raba musu fahimta. An ɗauki misali da Hartum da Umdurman, inda Hausa take maƙwabtaka da Larabci kullum.

2.0 Hausawa a Sudan

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ce ta fara kai Hausawa Sudan. Yawansu ya ƙaru bayan yaƙin Burmi na 1903, inda Turawan Ingila suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya. Ɗansa, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya ci gaba da hijira gabas, ya kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Daga baya noman auduga a Jazira, wanda aka fara a 1925, ya jawo wasu. Jikokinsu sun bazu har unguwannin Hartum da Umdurman.

Sunan Alsawra, babbar unguwar nan ta arewacin Umdurman, shi kansa darasi ne. Asalinsa kalmar Larabci ce mai ma'anar juyin juya hali, wadda ke farawa da harafin sa mai ɗigo uku. Mutanen Sudan sukan furta harafin da sautin s a irin wannan kalma, kamar dai yadda Hausa ta yi a misali da sulusi.

Matashin da ya tashi a irin wannan unguwa yakan ji Hausa a gida, ya yi makaranta da Larabci. A 1990 gwamnati ta mayar da Larabci harshen koyarwa a jami'o'i. Umurnin da ake rubuta wa kwamfuta kuwa, a Python ko Java, da kalmomin Ingilishi aka gina shi. Harsuna uku ke nan a kan aiki ɗaya. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum ya yi nazarin yadda Hausar Sudan take rinuwa da Larabci a littafin da aka buga masa a Jamus a 1999.

3.0 Kalma ɗaya, ma'ana biyu

Wasu kalmomin ba su kawo matsala. Sifiri da maganaɗisu ma'anarsu ɗaya a harsunan biyu. Lissafi ya fito daga alhisab, kuma daga wannan saiwa Larabci ya ƙirƙiri hasub, wato kwamfuta. Amma a duba waɗannan:

Manhaja. A Kano ko Maraɗi, yanzu ana kiran abin da ake saukewa a waya manhaja. A Larabci, manhaj tsarin karatu ne. Abin da ke cikin waya barnamaj ne ko taɗbiƙ, rubuta shi kuwa barmaja.

Kimiyya. A Hausa ta ƙunshi dukan ilmin halitta da gwaje-gwaje. A Larabci reshe ɗaya ce kawai, wato ilmin haɗa sinadarai. Gaba ɗayan fannin ulum ake ce masa.

Fasaha. Bahaushe ya ce kimiyya da fasaha, yana nufin ƙere-ƙere. Balarabe ya ji fasaha, sai ya tuna iya magana da tsabtar harshe.

Na'ura. A Hausa kowane inji na'ura ne. A Larabci na'ura babbar gargare ce da ruwan kogi ke juyawa don ban ruwa, irin ta birnin Hama a Siriya.

Saboda haka, ɗalibin Kano da ke karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya da ke Hartum, inda ɗaliban Nijeriya da yawa suka yi karatu kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, idan ya ce, "Manhajar nan tana da kuskure," abokinsa Bahaushen Umdurman yana iya ɗauka tsarin karatun jami'a ake kushewa.

4.0 Neman kuskure a cikin manhaja

Turawa suna kiran kuskuren da ya ɓuya a cikin manhaja "ƙwaro", gyara shi kuma "cire ƙwaro". Thomas Edison ya yi amfani da kalmar tun 1878 a kan matsalolin injinansa. Ta ƙara shahara a 1947, lokacin da masu aiki da wata kwamfuta a Jami'ar Harvard ta Amurka suka tsinci ƙwaro na gaske, irin mai zagaya fitila da dare, ya maƙale a cikin injin. Larabcin makaranta bai ɗauki wannan hoto ba, gyaran kurakurai kawai yake cewa.

Ga misali daga Sudan. A farkon 2000 an tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya. Ranar 1 ga Nuwamba, 2017, aka mayar da shi yadda yake a da. Tazarar lokaci tsakanin Kano da Hartum ta ragu daga awa biyu zuwa awa ɗaya. Waya da kwamfuta suna ɗauke da jadawalin lokutan ƙasashe a cikinsu. Duk wadda ba a sabunta wa jadawalin ba, sai ta ci gaba da nuna tsohon lokaci, ta buga ƙararrawar asuba awa ɗaya kafin lokacinta. Lissafin injin daidai yake, bayanin da aka ba shi ne ya tsufa.

Mai neman irin wannan kuskure yakan bi matakai huɗu. Da farko ya sake jawo matsalar da gangan, don ya ga lokacin da take faruwa. Sannan ya raba aikin gida-gida, ya gwada kowanne shi kaɗai. Sai ya canza abu ɗaya tak, ya duba sakamako. A ƙarshe ya sake gwada komai, don kada gyaran gangar auzinawa ya yi.

5.0 Abin da nahawu yake nunawa

A lura da aikatau da aka yi amfani da su a sama: jawo, raba, gwada, canza, duba. Ba a buƙaci sabuwar kalma ko ɗaya ba. Sunaye ne aka fi ara, kuma da zarar sun shigo sai su bi dokar Hausa. Kalmar da ta ƙare da wasalin a takan zama mace: kwamfutar ta mutu. Haka shabaka, wato hanyar sadarwa a Larabci, za ta zama shabakar ta yanke. Wadda ta ƙare da baƙi takan zama namiji, ta ɗauki ɗin: intanet ɗin, barnamaj ɗin. Idan kuma ana son aikatau, sai a sa yi a gaban sunan: ya yi caji, ya yi barmaja.

6.0 Kammalawa

Wannan bambanci ya shafi masu fassara. Ana fassara shafukan intanet da manhajojin waya zuwa Hausa, kuma yawancin masu aikin daga Nijeriya suke. Kalmar da suka zaɓa don ta fito daga Larabci, suna zaton za ta yi sauƙi ga kowa, ita ce wani lokaci take rikita Bahaushen da ya fi kowa sanin Larabcin. Idan ya ga Hausar allon wayarsa ta yi masa nauyi, sai ya mayar da wayar Larabci, Hausa kuma ta rasa wani fage. Ɗalibin da ke fassara kalmar kimiyya ya kamata ya binciki asalinta, ya duba ma'anarta ta yau a harshen da aka aro ta, sannan idan akwai saɓani ya ƙara ɗan bayani, kamar manhajar waya maimakon manhaja kawai.