Koyon miƙa ƙwallo cikin matsi

Kai mai horar da samarin unguwa, ga wani horo da ba ya cin kuɗi. Shata fili, taki 10 kowane gefe, ka ajiye takalma a kusurwoyi. Ƴan wasa 4 su tsaya a gefuna, ɗaya ya shiga tsakiya yana neman ƙwace ƙwallo. Wanda aka ƙwace wa, shi zai koma tsakiya.

Doka ɗaya ce: kada a taɓa ƙwallo fiye da sau 2, tarewa da miƙawa. Wannan ke tilasta wa yaro ɗaga kai, ya zaɓi wanda zai ba tun ƙwallo bai iso ba. Mai kallon ƙafarsa kuwa, a tsakiya zai yini. In sun saba, ƙara mai ƙwace na biyu, ko ka rage filin zuwa taki 8.