Yadda ake farfaɗo da ciyawar tsakar gida bayan ranin Yamai

Daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, wanda ya zaga unguwannin Plateau, Yantala ko Kwara Kano a birnin Yamai zai gane gidan da aka taɓa shuka ciyawar ado, wadda mutanen gari ke kira gazon, ko da ta ƙofa kawai ya leƙa. Wurin da ya yi kore shar a watan Satumba ya koma ruwan ƙasa, ya yi faci-faci. Tsidau ya shimfiɗu a gefe, busasshiyar ƙarangiya tana kama wandon yara, gara ta yi gini a kusurwa.

Maigidan da yake sabon shiga a harkar, ɗayan biyu yakan yi. Ko ya ba yaro tiyo ya yi ta kwarara ruwa safe da yamma har takardar kuɗin ruwa ta firgita shi, ko ya kira leburori su kankare komai a zuba siminti a huta. Duka biyun gaggawa ce, domin sau da yawa ciyawar nan tana da rai. Barci take yi, kuma akwai hanyar tashinta da ba ta cin dukiya.

Sai an fara da sanin yanayin garin. Yamai na samun ruwan sama tsakanin milimita 500 zuwa 600 a shekara. Birnin Landan, a ƙasar da ta yi suna da shimfiɗar koriyar ciyawa, abin da yake samu bai fi hakan da wani abin kirki ba. Sai dai ruwan Landan a watse yake cikin wata goma sha biyu, ga sanyi ga gajimare. Na Yamai kuwa kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba yake zuba, sannan a shiga wata bakwai zuwa takwas ba ɗigo, a ƙare da Afrilu da Mayu inda zafi ke wuce digiri 40. Abin da rana da iska za su iya zuƙewa daga ƙasa da ganye a nan ya haura milimita 2,000 a shekara, wato ya ninka ruwan da ke sauka sau uku ko huɗu. Wanda ya ga hoton wani fili a Turai ya ce lallai sai tsakar gidansa ta zama haka har cikin bazara, da lissafin nan yake faɗa.

Ciyawar da ta fi jure wannan hali ba baƙuwa ba ce. Ita ce ƙiri-ƙiri, wadda masana ke kira Cynodon dactylon. Masu garake a gaɓar kogin Isa, daga Gudel zuwa Saga, sun san ta farin sani, don kullum cikin yaƙi da ita suke a tsakanin salati da kabeji. Halin da ya sa suka tsane ta shi ne ya sa ta dace da tsakar gida. Tana da jijiyoyi iri biyu, masu rarrafe a bisa ƙasa suna kafa saiwa a kowace gaɓa, da masu tafiya ta ƙarƙashi suna tara abinci. Idan fari ya matsa, sai ta bar ganyenta ya bushe, ta janye rayuwarta zuwa ƙasa ta jira ruwa.

A Amurka ma da ita aka yi aiki. A garin Tifton na jihar Jojiya, masanin tsirrai Glenn Burton ya fitar da irin da ake kira Tifway a 1960, haɗin ƙiri-ƙiri da wata ƴar'uwarta ta Afirka ta Kudu, kuma irin ya bazu a filayen wasa na ƙasashe masu zafi. Shi dai wannan mutumin ya yi fice a binciken gero, abincin da Nijar ta dogara da shi.

Gane mai rai da matacciya ba ya buƙatar na'ura. A kama busasshiyar ciyawar a ja. Idan ta tuge cikin sauƙi, saiwarta ta yi baƙi tana marmashewa, wannan wurin ya mutu. Idan ta yi gardama, a tona kaɗan da wuƙa a duba jijiyar ƙarƙashi: fara mai ƙwari, wadda ke lanƙwasa ba ta karyewa, tana da rai. Wanda yake son ƙarin tabbaci ya keɓe taki ɗaya a tsaye taki ɗaya a kwance, ya riƙa jiƙa shi sosai na kwana goma zuwa mako biyu. In kore ya leƙo, sauran filin ma zai tashi da ruwan sama, ba sai an sayi sabon dashe ba.

Daga nan sai ƙasa, kuma a nan yawancin matsalar take. Ƙasar Yamai rairayi ce a akasarin wurare, ba ta riƙe ruwa, ruɓaɓɓen taki a cikinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, ga ƙarancin sinadarin fosfat da aka san ƙasar Sahel da shi. A wasu unguwannin marmara ce kwance kusa da sama. Ga kuma abin da magina ke bari: ɓaraguzan bulo, busasshen kwaɓin siminti, tsakuwa, duk a rufe su da ɗan yashi a miƙa wa mai gida makulli. Ciyawar da aka dasa a kan irin wannan, saiwarta ba ta da inda za ta. A samu guntun rodi a soka a wurare daban-daban bayan an jiƙa ƙasar. Inda ya shige tsawon tafin hannu ko fiye, lafiya lau. Inda ya tsaya cak a kusa, a sa diga a ga abin da ke ƙasa, a kwashe shi.

Maganin rairayi taki ne na gargajiya, amma wanda ya ruɓe ya huce. Ɗanyen kashin shanu ko na awaki da aka ɗebo kai tsaye daga garke yana zuwa da irin ciyayin da dabbar ta ci, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Wanda ya kwana watanni a rami ana jiƙa shi ana juyawa, har ya yi baƙi warinsa ya tafi, shi ake so. Inda ciyawa ke da rai, a huda ƙasar da rodi ko cokalin noma, a barbaɗa takin kaurin yatsa ɗaya, a bi da manjagara ya shiga ramukan. Inda ta mutu, a kafce zurfin santimita 15 zuwa 20 a cuɗa takin da ƙasa, a daidaita wurin ya ɗan gangara nesa da bango, saboda ruwan Agusta in ya kwanta ruɓar da saiwa yake yi.

Ciyayin da suka yi kutse ba halinsu ɗaya ba, don haka ba a yi musu magani ɗaya. Ƙarangiya da tsidau da gude-gude ƴan shekara ɗaya ne, da iri suke dawowa. Wanda ya tuge su suna ƙanana a farkon damina, kafin su yi ƙaya, ya rage wa kansa aikin baɗi. Busassun da suka riga suka zubar da ƙaya kuwa a share a kwashe, a kuma ja tsohon buhun gwado ko bargo a bisa wurin, ƙayar za ta manne masa.

Aya-aya ita ce mai wuyar sha'ani. Ganyenta ya fi na ƙiri-ƙiri sheƙi da saurin tsawo, kuma in aka murza karanta tsakanin yatsu za a ji kusurwa uku. A ƙarƙashi tana da ƴaƴa kamar na aya, jere a kan zare kamar carbi. Idan aka fizge ganyen, zaren ya tsinke, sauran ƴaƴan da ke kwance sai su farka, inda aka cire ɗaya a ga uku. Rauninta ɗaya ne: ƴaƴan ba sa jure bushewa. Shi ya sa zafin Afrilu da Mayu, wanda kowa ke kuka da shi, yake da amfani a nan. A daina ban ruwa a wurin da ta yi yawa, a kafce da zurfi, a tsince abin da ido ya gani, a bar sauran a rana, bayan mako biyu a sake juyawa. Yawan ban ruwa kaɗan-kaɗan kullum kuwa gata ne gare ta, don ta fi son ƙasar da ba ta tsanewa.

Game da maganin feshi, sabon shiga ya yi hattara. Gilifosat, wanda ya cika kasuwanni da sunaye iri-iri, ba ya bambanta ciyawar ado da ta banza, duk koren da ya taɓa ya tafi. Ƙasashen CILSS, ƙungiyar yaƙi da fari a Sahel, suna da kwamitin haɗin gwiwa da ke tantance magungunan ƙwari da na ciyawa, amma ba duk kwalbar da ke kan tebur a kasuwa ce ta bi ta hannunsa ba. A ɗan filin da yara ke birgima kaji na kiwo, hannu da fartanya sun wadatar.

Lokacin dashe shi ne sa'ad da damina ta kankama, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ba sai an nemi iri na gwangwani daga waje ba, wanda wani ma na ƙasashen sanyi ne, ya tsiro da kyau a watan Disamba ya ƙone a Maris. A yanko jijiyoyin ƙiri-ƙiri daga ɓangaren da ya rayu, ko a saya wurin masu sayar da dashe a bakin titi da gaɓar kogi, kowane yanki da gaɓa uku ko huɗu. A binne su tazarar santimita 15 zuwa 20, a bar kan a waje, a taka da ƙafa. Makonni biyun farko kada ƙasar ta bushe. In ruwa ya yi kyau, cikin wata biyu zuwa uku sun haɗe.

Takin zamani sai bayan dashen ya kama. Kilo ɗaya na yuriya ya ishi murabba'in mita 100 a zubi ɗaya, a watsa da yamma a bi shi da ruwa nan take. Wanda ya ninka don ya ga kore da wuri, ƙuna zai gani.

Yanka ma da ƙa'idarsa. Ko da inji ne ko da almakashin lambu, kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ganyen a lokaci guda, a bar shi wajen santimita 4 zuwa 5. Yankan da ake yi a kai a kai shi ke sa ciyawar ta bazu gefe ta yi kauri, kaurin kuma shi ke hana irin ƙarangiya samun hasken tsira. Masu barinta ta kai gwiwa sannan su aske ta har ƙasa da lauje, su ne ke buɗe wa tsidau ƙofa.

Akwai wurin da duk dabarar nan ba ta aiki: ƙarƙashin dogon yaro ko mangwaro. Ƙiri-ƙiri na son rana ta wuni, aƙalla awa shida. A inuwa sai ta yi siriri ta ɓace, komai takin da aka ba ta. Nan wurin tabarma ne da kujera, kuma a garin da aka fara dasa ɗamarar itatuwa kewaye da shi tun 1965 don tare iska da ƙura, sare itace saboda ciyawa babbar asara ce.

Saura batun ruwa bayan damina ta ɗauke. Ƙa'idar ita ce a shayar sosai, a bar tazara. Yayyafin minti biyar kullum saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa ta tsaya a nan inda rana ke gasa ta. Ruwan da ya nutse santimita 15, sau biyu ko uku a mako, da asuba kafin iska ta tashi, shi ke jan saiwa ƙasa. Ana iya aunawa da gwangwanin sardin: a ajiye shi a tsakiyar fili, in ya kusa cika an ba da abin da ya kai milimita 20.

To amma a yi lissafi. Milimita ɗaya a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. A tsananin zafi, ciyawar da ake so ta zauna kore tana shan wajen lita 6 a kowane murabba'in mita a rana. Fili mai mita 10 a tsaye 10 a kwance zai sha lita 600 ke nan, jarka talatin ta mai ga-ruwa, kullum. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a rana. Ke nan filin ya shanye rabon mutum talatin, a daidai watannin da famfo ke ƙafewa a unguwannin bayan gari, mata da yara suna kwana a layin ruwa. Kuɗin ruwan famfo ma hawa-hawa ne, mai sha da yawa farashinsa ya fi tsada.

Ko hukuma ba ta samun abin da sauƙi. Filin wasa na Janar Seyni Kountché, wanda aka buɗe a 1989, ya karɓi wasannin ƙasashe masu amfani da Faransanci a 2005 da gasar ƙwallon ƙafa ta Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20 a 2019. Duk da haka a watan Yunin 2022 a Kwatano ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, Mena, ta karɓi baƙuncin Tanzaniya, daga baya ma ta yi wasannin gida a Maroko, saboda filin bai cika sharuɗɗan hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, CAF, ba, kuma lafiyar ciyawa na cikin abubuwan da hukumar ke dubawa. Abin da ke buƙatar ma'aikata da injuna da kasafin kuɗi a can, ba ƙaramin nauyi ba ne a wuyan magidanci ɗaya.

Saboda haka shawarar da ta fi dacewa da Yamai ita ce a rage faɗi. Murabba'in mita 20 a inda rana ke samu ya ishi yara wasa, ya rage ƙura da zafin da siminti ke amayarwa da dare, kuma jarka shida ta ishe shi ko a Afrilu. Ruwan alwala da na wanke kayan miya, in an tara, zai ɗauke wani kaso, ban da mai omo da yawa ko mai jabel. Wanda ma ya ga ba zai iya ba, ya bar ciyawar ta yi barcinta, ya riƙa jiƙa ta sosai sau ɗaya duk mako biyu ko uku don jijiyar ta rayu.

Mai filin da ya bushe a bana ya tanadi takinsa tun yanzu, ya yi kaftu da tsintar aya-aya a Mayu, ya yi dashe a Yuli. Sauran filin da ya rage a sa masa zogale, lemun tsami ko itacen inuwa ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace ta ƙasa.