Ruwan Zartsin Da Ke Kwance Tare Da Man Fetur

'Yan'uwanmu mazauna Fatakwal da Warri sun saba ganin bututan mai da wutar gas tana ci dare da rana, amma kaɗan ne suka san rijiyar mai ba mai kaɗai take fitarwa ba. Tun 1956 da aka samu mai a Oloibiri, ma'aikata ke fama da wani ruwa da ke biyo shi, kuma idan rijiya ta tsufa ruwan kan fi man yawa.

Shi wannan ruwa ya daɗe ƙwarai cikin ƙofofin dutsen yashi can ƙarƙashin ƙasa, mai kuwa yana bisansa saboda ya fi shi rashin nauyi. Gishirin da ya fi yawa cikinsa shi ne irin na miyarmu, sai kalsiyam da magnesiyam, wani wuri har da bariyam. Ruwan teku na da gishiri wajen giram 35 a lita guda, amma akwai filayen mai a duniya da nasu ya zarce giram 200. Na Neja Delta kuwa a wurare da dama bai kai na teku ba, sai dai yana ɗauke da ɗan'uwan sinadarin da ke cikin kanwa.

Abin mamaki, gishirin nan shi ne jagoran masu haƙa. Ruwan zartsi yana barin lantarki ya ratsa shi, mai kuwa tare shi yake yi. A 1927 kamfanin wasu Faransawa biyu, wa da ƙane, 'yan gidan Schlumberger, ya zura waya cikin rijiya a Pechelbronn, aka auna yadda kowane dutse ke tare lantarki. A 1942 wani injiniyan Shell mai suna Archie ya fito da lissafin da ke nuna yawan ruwa da na mai cikin dutse, amma da sharaɗi: sai an san yadda ruwan wurin kansa yake ɗaukar lantarki. Zafi ma yana sauya awon, domin ruwa mai zafi ya fi ɗauka. To, nan ruwa maras gishiri sosai yake ruɗin masana, watau ya tare lantarki kamar mai, a kashe kuɗi a tarar ruwa ne.

Bayan ya fito kuma sai wata wahalar. Yana cin ƙarfe, idan kuma mai bariyam ya gauraya da ruwan teku sai wani farin dutse ya toshe bututu. Akan mayar da shi ƙasa, ko a tace shi a zuba a teku. Ni dai ban ga aikin da ya fi tacewar nan bukatar sa ido ba, domin raguwar mai tana cikinsa, masunta kuma a ruwan nan suke neman abinci.

Saboda haka 'yan ga-ruwa da fataken shanu da ke kusa da wuraren mai, kada ku ɗebi ruwan kududdufin da ke gefen bututu, ko da kun gan shi garau. Kada kuma ku bar dabba ta sha.