Ƙoƙon wanzami da askarsa

Malam mai karatu, in ka shiga kasuwar Agye, ko ta Gazawa, ko ta Gidan Runji, duba cikin rumfa ko gindin itace. Za ka ga wanzami zaune bisa tabarma. Zabirarsa tana gefe, da aska da ƙaho a ciki. Gabansa kuma ga ɗan ƙoƙo, ko ƴar tasa, da ruwa. Yau zancen wannan ƙoƙo za mu yi.

Me ya sa wanzami yake jiƙa kai kafin ya ɗora aska? Busasshen gashi tauri gare shi. In ya sha ruwa minti 2 ko 3, sai ya yi laushi. Ruwa mai ɗumi ya fi. Kumfar sabulu kuwa tana riƙe ruwan a kai, aska ta bi da santsi, ba zafi. Turawa ma, a da, magidanci yakan tanadi kofinsa na tangaran. A ciki yake tada kumfa da buroshi. Lura da kyau: kofin nasa ne shi kaɗai.

To, a kasuwa fa? Sau da yawa ƙoƙo ɗaya ne, ruwa ɗaya, aska ɗaya, tun safe har la'asar. Makero yana bin aska daga kan wannan yaro zuwa kan wancan. Abin da ya fi haɗari shi ne jini. Ko gwanin wanzami yakan ɗan yanki mutum. Ƙwayar ciwon hanta mai lamba B tana iya kwana 7 da ranta cikin busasshen jini, ido bai ganin ta. Wasa aska bisa fata ko dutse yana ba ta kaifi, amma bai kashe ƙwayar cuta.

Saboda haka, in za ka aski, tafi da rezarka sabuwa. Ko kuwa ka ajiye askarka a gida, kai kaɗai. Roƙi wanzami ya zubar da ruwan, ya wanke ƙoƙon da sabulu, ya zuba sabo. Wannan ba raini ba ne, wanzamin kirki ba zai yi fushi ba.

Kai kuma wanzami, wanke askarka da sabulu, ka tafasa ta minti 20 kafin ta hau wani kai. In kana da aska 3 ko 4, aiki bai tsayawa.

Ranar suna a ƙara kula. Jariri ɗan kwana 7 fatarsa ba ƙwari. Maigida, tanadi sabuwar reza da sabon ƙoƙo tun ana gobe suna.