Me Ya Sa Hoton Maganaɗisu Yake Buƙatar Lissafi

A 1877 John Kerr, masani ɗan Sikotlan, ya gano cewa idan haske ya daki gogaggen ƙarfe mai maganaɗisu ya dawo, alƙiblar kaɗawarsa takan ɗan juya. A kan wannan aka gina madubin ƙara girma da ke zagayawa da ɗigon hasken lesa bisa ƙarfe, yana auna juyin wuri-wuri, kwamfuta kuma ta haɗa hoton.

Ɗalibin kimiyya a Birnin Kudu ko Gwaram zai iya cewa gani ya kori ji, to lissafin na mene ne? Ai abin da ido ya gani ɗin ne ke da gyara. Juyin yawanci bai kai digiri ɗaya ba, kuma tun 1873 Ernst Abbe ya nuna cewa gilashi ba ya rarrabe abin da ya gaza kusan rabin tsawon zangon haske. Saboda haka siririyar iyakar da ke tsakanin yankunan maganaɗisu biyu takan fito a baje, ƙarzunan saman ƙarfen kuma su shiga hoton. Sai an lissafa yadda hasken ya ratsa gilashi, ya daki ƙarfen, ya isa ma'auni, sannan mai bincike zai ware maganaɗisun daga abin da na'urar ta ƙara.